Takabar Mashin ɗin Beisen

Tasbulak, mazaunin hunturu na kan dutse
Watan Janairu

Zuwa ga Darkan, ɗan ƙanena Beisen.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka, can arewa wurin rijiyoyin mai. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Mahaifiyarka Balziya tana ci kaɗan, tana barci kaɗan, amma tana tsaye da ƙafafunta. Dawakai suna tono ciyawa ƙarƙashin ƙanƙara, kyarkeci ya ɗauke ɗan baƙar goɗiya. Ka yi haƙuri da rubutuna. A soja na koyi baƙaƙe, kuma wanda ya koya mini ya fi ƙwarewa a zagi.

Kayan da ka aiko wa mahaifinka sun iso. Fedot mai zuma ne ya hauro da su daga ƙauye, bayan ƙasa ta riga ta daskare a kan wanda aka aiko wa. Balziya ta buɗe kwalin, ta tarar da ƙarafa uku, kowanne da jan sifirin naɗe a jikinsa. Fedot ya ce shakazoba ne, masu shanye gargada, na mashin ɗin tafiya a kan ƙanƙara. Ta dube su, ta mayar da murfi, ta tafi ba maruƙa ruwa.

Ba ka tambaya ba, amma zan gaya maka. Sai da muka ƙona itace a kan ƙasa kafin diga ta kama. Mutane sun zo daga kwari uku. Da aka kai shi bakin kabari, liman ya ce ɗansa ya sauka ya karɓe shi. Kowa ya sa ido a kan takalminsa. Ni na sauka, da wannan gwiwar.

Yanzu maganar mashin. Ka san Beisen ya sayar da dokinsa kili ya sayi wannan abin, duk da na hana shi. A wurinmu namiji ba ya tafiya babu dokin da zai yi masa takaba. Da ubanmu ya rasu an yanke wutsiyar dokinsa, aka juya sirdi ya dubi baya, aka ɗora masa rigarsa da hularsa. Babu wanda ya hau shi har shekara ta zagayo, sannan aka yanka shi ranar sadaka, aka raba wa dangi kowa gwargwadon matsayinsa. Haka aka yi wa kakanmu, haka aka yi wa uban kakanmu a hayin kogin Buktyrma. Beisen bai bar doki ba, mashin ya bari. To, na yanke robar da ke reto a bayansa, na juya sirdin, na ɗora rigar fatarsa da hular dila, na tura shi rumfa. Fedot ya ce, "Kumarkan, tsufa ya kai ka har kana yi wa fetur ta'aziyya?" Na ce masa ya je ya yi wa ƙudan zumansa wa'azi.

Idan shekara ta cika zan yanka shi. Ka faɗa mini abin da zan yi da waɗannan ƙarafan naka, suna tare wa mahaifiyarka hanya a bayan ƙofa.

Baffanka,
Kumarkan

*

Sansanin aiki, arewa
Watan Maris

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ku da girmamawa, na gaida Inna. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ni da matata Aigerim muna lafiya, sai sanyi da ba ya jin magana.

Baffa, saƙon rasuwar ya same ni guguwa ta rufe sama, jirgi bai tashi ba har aka gama komai. Na zauna a ɗakin jira da jakata a kan cinya. Ban san yadda zan rubuta muku wannan ya shiga kunnenku ba, don haka na bar shi.

Amma ku saurare ni a kan mashin. Doki yana da rai, yankansa sadaka ce, mutane su ci su yi addu'a. Wa zai ci ƙarfe? Inna tana kan dutse, ku kuma ga gwiwa. Idan wani ya kwanta ciwo tsakiyar hunturu, da me za a sauko da shi?

Shakazoban nan ba na kasuwa ba ne. Ni na zaɓe su da hannuna, aikina ke nan a nan, gyaran irin waɗannan mashinan. Baba ya taɓa ce mini bayansa na ciwo idan ya sauko ta hanyar kwazazzabo, shi ya sa. Don Allah ku ɗaura su ko da ba za a hau ba, kada su yi tsatsa a kwali. Ku rataye bayan mashin da igiya a jikin azara har robar ƙasa, wadda yake tafiya a kanta, ta bar ƙasa. Gajerun biyu na ƙafafun gaba ne masu sulɓi a kan ƙanƙara, dogon na ƙarƙashin sirdi. Ɓangare mai kauri yana sama. Ku shafa giris a noti kafin ku ɗaure. A gindin kowane sifirin akwai zobe mai haƙora: idan an murɗa shi sama sifirin ya yi tauri, idan an sassauta ya yi laushi. Ƙa'idar ita ce idan mai mashin ya zauna, bayan ya nutse kamar faɗin yatsu uku. Na sayi sifirin mai ƙarfi daidai Baba, da rigar fatarsa da bindigarsa. Kun san shi, ba ƙaramin mutum ba ne.

Zan zo da bazara in sha Allahu, mu yi magana baki da baki. Kada ku taɓa shi kafin nan.

Ɗanku,
Darkan

*

Tasbulak
Watan Mayu

Darkan,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Goɗiyoyi sun fara haihuwa, ruwa ya cinye gadar katako ta ƙasa. Takardarka ta kwana a ƙauye har hanya ta buɗe, shi ya sa ka ji ni shiru. Mahaifiyarka ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta tambaye ni ko a ciki ka faɗi wane wata ne bazararka. Na ce ban gani ba.

Na ɗaura ƙarafanka. Ba don ka ce ba. Dokin takaba ana yi masa ado da mafi kyawun kayan mai shi, kuma waɗannan da sunan Beisen suka shigo gidan nan.

Fedot ya zo da sifanunsa. Muka rataye mashin a azara kamar za mu feɗe shi. Tsofaffin shakazoban sun riƙe, mai ya tsiyaye daga jikinsu tun tuni, sai da muka gasa notin da wuta. Na ɗaura na farko, na ja da baya ina kallon aikina, sai Fedot ya fashe da dariya har ya zauna a kan bokiti.

"Ka kifa shi, tsoho! Yaron ya ce mai kauri a sama."

Na ce, "A jikin doki cinya ce a sama, kuma ga ta nan."

Ya ce, "Wannan ba cinya ba ce, kofato ne. Kai da kake lissafa kakanni bakwai, ka kasa gane kan ƙarfe da gindinsa?"

Na kwance na sake. Sifana ta zame ta tafi da fatar yatsata. Balziya ta kawo mana shayi da madara, ta tsaya a bakin rumfa ba ta shigo ba.

Sai muka zo wurin zoben nan naka. Ka ce mai mashin ya zauna. Fedot ya ɗaga ƙafa zai hau, na riƙe masa wuyan riga. Ya ce to ta yaya za a gwada? Na ce a kawo buhunan gishirin dawakai. Na ɗora abin da na san ya kai nauyin Beisen. Mashin bai ko gyaɗa ba. Fedot ya ce a ƙara. Muka ƙara, muka sassauta zobe, muka ƙara. Sai da muka tara gishirin da zai ishi garke har kaka kafin bayan ya nutse yatsun nan uku.

Na tsaya ina kallon tulin buhunan. Na ce wa Fedot, wannan wane ne? Ya shiga tattara sifanunsa.

Ɗana, ni na karɓi mahaifinka a cikin rami. Na buɗe hannuwa na dage ƙafa ina jiran nauyin mutumin da ya taɓa kayar da ɗan bijimi a bikin sabuwar shekara na Nauryz. Abin da aka miƙo mini bai fi ɗan tunkiya ba. Ciwon ya daɗe yana cinsa daga ciki. Rigar fatar da kake magana sai da Balziya ta ƙara wa ɗamararta huda har uku. Mutumin da ka sayo wa sifirin ya daɗe da barin gidan nan, kai ne ba ka leƙo ka gani ba.

Ga abin da na yanke. Na kwana ina juya maganarka, kuma gaskiya ne ƙarfe ba shi da jini. Saboda haka zan buɗe ƙofa ɗaya wadda ba a taɓa buɗe wa doki ba. Idan ɗan Beisen ya zo kafin sadakar shekara, ya juya sirdin da hannunsa, ya zauna, ni kuma na murɗa zoben daidai jikinsa, to mashin ya fita takaba, ya zama nasa. Idan bai zo ba, ranar sadaka zan yanka.

Kumarkan

*

Sansanin aiki
Watan Yuli

Baffa,

Na gaishe ku. Ina fata Inna tana lafiya. Aigerim tana da juna biyu, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ku gaya wa Inna, ko wannan zai sa ta ci abinci.

Na karanta takardarku a tsaye, na kasa zama. Kun ce ban leƙo ba. To wa ya kira ni? Duk sanda Baba ya sauko ƙauye ya buga mini waya, cewa yake, "Lafiya lau, na fi ka ƙarfi, ka riƙe aikinka." Ku da kuka san sunan kowane mamaci a kwarin nan da inda aka binne shi, kun kasa rubuta mini layi ɗaya a kan mai rai? Kun iya cika takarda a kan wutsiyar doki. Kun zuba ido yana ƙarewa, kuka yi shiru, yanzu kuma kun tara buhunan gishiri don ku auna laifina da su.

Kuma na gane abin da kuke nufi da "idan ɗan Beisen ya zo". Wato har yanzu ba a tabbatar ko ni ne ba. Na ji.

Ban samu zuwa da bazara ba, kun gani. Ba a sakin mutum a nan don yana so. An yi mini alkawarin hutu farkon hunturu. Kafin nan ga nauyina: kilo tamanin da kaya. Fedot yana da sikelin zuma, ku auna gishiri daidai haka ku ɗora, ku saita zoben. Sifirin ɗin zai ɗauke ni, ko da ɗan tauri. Ku ɗauka na zauna. Abin da ya rage juya sirdi ne kawai, zan yi idan na iso.

Darkan

*

Tasbulak
Watan Satumba

Darkan,

Assalamu alaikum. Mun gama yankan ciyawa. Mahaifiyarka ta yi kuka da ta ji labarin cikin, sannan ta ciro ulu ta fara saƙa. Allah ya sauke Aigerim lafiya.

Mahaifinka ne ya ce kada a gaya maka. Idan kana da ƙara, ka san inda yake kwance, ka zo ka kai masa.

Ban ce kai ba ɗansa ba ne. Kunnuwansa ne a kanka, duk kwarin nan an sani. Abin da na rubuta shi ne ka zo. Kalma ce ƙarama, ban san yadda aka yi ta yi maka wuyar karantawa ba.

Fedot ya kawo sikelin, na ce ya mayar. Zuma ake aunawa a aika. Na riga na ɗora gishiri a madadin mutum sau ɗaya, ba zan sake ba. Ba kilo tamanin liman ya nema a bakin kabari ba.

Ƙanƙara ta sauka a kan duwatsun sama. Na aika wa dangi cewa sadaka tana tsakiyar Disamba. Na ware goɗiyar da za a yanka don nama, tana cin hatsi.

Kumarkan

*

Sansanin aiki
Ƙarshen Nuwamba

Baffa,

Gaisuwa da neman gafara a kan zafin takardata ta baya. Aigerim ta sauka, namiji. Na sa masa suna Beisen.

Wanda zai karɓe ni a aiki ya karye a ƙafa, an soke hutuna. Na roƙa, na yi faɗa, an nuna mini ƙofa an ce in zaɓa. Da jariri a hannu ba zan iya zaɓar ƙofa ba. Ku ɗaga sadakar zuwa Fabrairu. Idan ba za ta ɗagu ba, ku yi ta, amma ku bar mashin. Ba don ni ba. Wata rana yaron nan zai tambayi abin da kakansa ya bari.

Baffa, ban taɓa roƙonku komai ba.

Ɗanku,
Darkan

*

Tasbulak
Ƙarshen Disamba

Zuwa ga Darkan, uban Beisen ƙarami.

Assalamu alaikum. Barka da arziki. Allah ya raya shi, ya sa ya san hanyar gida. Na ƙara sunansa a bakina bayan naka, duk wanda ya tambaye ni zuriyarmu zai ji shi. Mu nan lafiya, sai gajiyar baƙi.

Takardarka ta zo a aljihun wani daga cikin masu zuwa sadaka. Na karanta ta mutane suna ɗaure dawakansu a shinge. Shekarar mamaci ba ta jiran hutun kowa.

An yi karatu, an ci nama, an ambaci mahaifinka da alheri. Da aka idar na ce a fito da mashin tsakar gida. Maza suka kewaye shi. Na ɗauko sifana. Sai ga mahaifiyarka ta ratso su, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ran nan ma ba ta kira ba.

Ta ce, "Yaya Babba, ni ma na yi masa takaba shekara guda. Ni ma yanka ni za a yi?"

Na ce, "Balziya, koma ciki."

Ta ce, "Kun ce wanda ya juya sirdi ya zauna, nasa ne. Ɗana bai zo ba. Ni na haife shi, ni zan zauna masa."

Wani daga baya ya ce, "Kumarkan, yau ka gamu da liman." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na duba cikin kaina kaf, daga ubanmu har iyakar inda sanina ya tsaya, ban samu inda aka hana ba, don ba a taɓa samun macen da ta tambaya ba. Na ce ta juya sirdin.

Ta cire hular da rigar ta rungume su, ta juya sirdin, ta hau. Na durƙusa a kan ƙanƙara da gwiwar nan na kama zoben. Na sassauta, na dubi bayan mashin, yana nan tsaye. Na ƙara sassautawa. Fedot ya durƙusa kusa da ni yana cewa, "Ƙara, ƙara." Na murɗa har zoben ya kai ƙarshen zarensa, babu sauran inda za shi. Ko faɗin farce bai nutse ba. Tana zaune a kai kamar tsuntsu a kan shinge.

Ta ce a tayar mata duk da haka. Fedot ya ja igiya, injin ya yi tari ya kama, bayan shekara guda. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji muryarsa sai da na juya baya. Ta tafi a hankali ta nufi rafi, inda sawun dawakai ya daskare ya yi kunya-kunya. Muna kallo yana jefa ta sama yana cafewa, kanta na karkaɗawa, ɗankwalinta ya faɗi. A wajen itacen al'ul ya wurgar da ita gefe. Muka ruga. Ta tashi da kanta, leɓenta na jini, ta karkaɗe rigarta. Ta dubi mashin ɗin ta ce, "Ba ni yake jira ba." Sannan ta dube ni. "Yaya Babba, ku yi abin da za ku yi."

Fedot ya ce a mayar da tsofaffin shakazoban mana. Na nuna masa su a jikin shinge, notinsu a ƙone, babu ɗigon mai a cikinsu. Ya ce to a rubuta maka ka aiko da sifirin mai laushi. Ita ta amsa masa, ba ni ba. Ta ce ta gaji da buɗe kwali.

Mun fara kafin la'asar. Na yi bisimilla na zare tiyon mai, ya zuba a kan ƙanƙara. Injin na ba surukanmu na Karagaily, su ne manyan baƙi, su ke da cinya. Robar ƙasa ta tafi gidan kawunka. Ƙafafun gaba na ba maƙwabta, za su yi abin jan itace da su. Fitila mahaifiyarka ta ɗauka. Fedot ba dangi ba ne, amma ya haƙa kabarin tare da mu, na ba shi tankin mai, ya karɓa yana zagina da yarensu, idonsa jawur. Jajayen ƙarafanka uku na zagaya da su, babu wanda ya miƙo hannu. Kowa ya ga abin da suka yi.

Za ka ce na yi taurin kai. Ka faɗa, an daɗe ana faɗa. Za ka ce idan ciwo ya kama wani a hunturun nan fa? Za mu sauka a kan doki, yadda aka saukar da uwata.

Rabonka sirdi ne. Da na kwance shi na juya shi a hannuna, na ga fatar ta lotsa wuri biyu. Akwai babban lotsawa mai faɗi, na shekarun da yake da jiki. A tsakiyarsa kuma akwai wani ƙarami, kamar gurbin kaza, na hunturunsa na ƙarshe. Wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, duk suna nan a wuri ɗaya.

Ba zan sa shi a kwali ba. Rabon sadaka ba ya bin gidan waya, mai shi ne yake zuwa ya karɓa da hannu biyu. Na rataye shi a rumfa, a ƙusar da linzamin kili yake a da. Sai dai ka sani, soso ne a cikinsa, kuma ɓeraye sun riga sun gano shi.

Baffanka,
Kumarkan